Kafin ka zauna kan kujerar: makonnin farko na sabon shugaban kamfani



Idan aka ƙara wa ɗan uwa girma a wurin aiki, aka ce daga yau shi ne darakta, ko manaja, ko shugaban reshe, addu'ar da ta fi yawa a bakin masu zuwa barka ita ce Allah Ya taya riƙo. Muna faɗinta ba tare da mun tsaya a kanta ba, alhali ta gama bayyana matsayin mutumin. Riƙo aka ba shi. Kamfanin yana da masu shi, kuɗin da ke ciki na wasu ne, ma'aikatan kuma ƴaƴan mutane ne da suka fito neman halaliyarsu. To mai riƙo, abu na farko da ya kamata ya sani shi ne me aka damƙa masa, nawa ne, kuma ina iyakarsa. A kan wannan za mu yi magana a wannan fitowa, domin a ganinmu yawancin rigingimun da ake kawowa gaban malamai da dattawa a sasanta bayan shekara biyu ko uku, tsakanin mai kamfani da manajansa, tun a makonnin farko aka shuka su.

Malaman fiƙihu sun kasa hannun da ke riƙe da dukiyar wani gida biyu. Akwai hannun lamuni, kamar na wanda ya ƙwaci abu ko ya ci bashi. Shi wannan idan abin ya halaka, ko ta wace hanya ce, shi zai biya. Akwai kuma hannun amana, kamar na wanda aka ba ajiya, ko wakili, ko wanda aka ba jari ya juya a raba riba, ko ma'aikacin da ke yi wa mutum ɗaya aiki ana biyansa albashi. Mai hannun amana ba ya biyan abin da ya salwanta a wurinsa sai ta ɗayan hanya biyu: ta'addi, wato ƙetare iyakar da aka yi masa, ko tafriɗi, wato sakaci da abin da ya wajaba ya kiyaye. Shugaban kamfani da aka ɗauka aiki yana cikin kashi na biyu.

Mu ɗauki misali da motar kamfani. Idan ta yi haɗari a hanyar Dosso tana kan aikinta, lafiyarta lau kafin ta tashi, wannan ƙaddara ce, babu abin da za a bi shugaba. Idan shi ne ya aike ta kai kayan bikin ƙanwarsa ta faɗi, ya yi ta'addi. Idan kuwa direba ya yi wata biyu yana kukan birki, shugaba na cewa a bari sai an samu sarari, ya yi tafriɗi. Ka ga hukuncin da sauƙi, kuma akwai rahama a cikinsa ga mai riƙo. Amma fa ba zai amfane ka ba sai an san abubuwa biyu tun farko, abin da ka karɓa da iyakar da aka yi maka. Wanda bai ƙidaya abin da ya karɓa ba, ranar da aka ce buhu 300 sun ɓace a mangaza, da me zai nuna cewa tun kafin zuwansa ba su nan?

Ranar miƙa aiki

A wurare da yawa miƙa aiki ya zama biki. A taru a biro, tsohon shugaba ya yi jawabi, sabo ya yi godiya, a miƙa makullai, a ɗauki hoto, a sha lemo. Takardar da aka sa wa hannu sau da yawa kontabul ne ya shirya ta da dare, sabon shugaba bai karanta ba balle ya bi sawunta. Daga wannan sa hannun duk abin da ke cikinta ya hau kansa.

Abin da muke ba da shawara shi ne a raba bikin da aikin. Kuɗin da ke cikin akwati a zube su a kan tebur a ƙirga, gaban tsohon shugaba da mai riƙon akwatin da shaida ɗaya daga ɓangaren masu kamfani. A nan ne za ka haɗu da ƴan takardun nan da ake kira bon, waɗanda wani ya ɗauki kuɗi ya rubuta zai maido. A littafi ana lissafa su kamar kuɗi ne, alhali takarda ce kawai, wata ma ta shekara uku, mai ita ya bar aiki ko ya rasu. Kowane bon a rubuta shi daban, da sunan mai shi da ranarsa. Kuɗin banki kada ka tsaya ga abin da littafin kamfani ya ce, a nemo takardar banki ta ranar a gwada su. Haka asusun kuɗi na waya, wanda yanzu ciniki mai yawa ke bi ta cikinsa: layin da sunan wa yake, lambar sirrin a hannun wa take? Mangaza kuma a shiga da ƙafa. Buhunan da aka jera a gaba ba su ba da labarin na baya, kuma kwali rufaffe ba lalle ne da kaya a ciki ba. Gidan mai ne, a zura sanda a tanki. Motoci ne, a ga kowace da takardunta, har wadda aka ce tana gareji.

Sai basussuka, kuma nan ne aikin ya fi cin rai. Bashin da kamfani ke bin mutane a jera shi, a tuntuɓi manyan ciki ɗaya bayan ɗaya, domin ba abin mamaki ba ne ka kira ɗan kasuwa ya ce ai na biya tun kafin azumi, ga rasit ɗina. Bashin da ake bin kamfani shi ma haka, musamman wanda ba ya zuwa ƙofa yana sallama: haraji, da kuɗin ma'aikata da ake cirewa daga albashinsu don zubawa asusun kula da ma'aikata, CNSS a Nijar, CNPS a Kamaru da Chadi, SSNIT a Ghana. Kamfanin da ya shiga matsi, wannan kuɗin yake fara dannewa, saboda mai shi ba zai gane ba sai ranar da ya tsufa ya je neman haƙƙinsa aka ce ba a zuba masa ba. Sabon shugaba ya je da kansa ya nemi takardar da ke nuna inda aka tsaya. Wannan ba kuɗin kamfani ba ne, gumin lebura ne da mai gadi.

Mun san abin da ke hana mutane yin haka. Kunya ce. Wanda za ka gada ya girme ka, wata ƙila shi ya koya maka aikin, ko abokin mahaifinka ne. Ta yaya za ka ce Baba a buɗe akwati a ƙirga? Sai a ga kamar tuhuma ce. To mu tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa magana, a zamanin da Sahabbai ne ke cin bashin juna. A aya ta 6 ta suratun Nisa'i kuma an umurci mai riƙon dukiyar maraya ya kafa shaidu ranar da zai miƙa masa ita. Shaidun nan ba maraya kaɗai suke karewa ba, har da mai miƙawa. Haka za ka gabatar da maganar: Baba, ina so a rubuta komai ne don kada gobe wani ya jingina maka abin da ba ka yi ba. Mutumin kirki zai ji daɗi. Wanda ya fusata don an ce a ƙirga, to ƙirgar ta ƙara zama dole.

Idan lissafi bai daidaita ba fa? Ba a ƙin karɓar aiki saboda haka, ba a kuma sa hannu a kan abin da ba a gani ba. A rubuta a jikin takardar cewa littafi ya ce kaza, an tarar da kaza, kowa ya sa hannu. Daga nan a kai maganar ga masu kamfani a rubuce, su kaɗai. Rufa asirin Musulmi abu ne mai lada, amma wurinsa majalisa da bakin kasuwa, inda ba ruwan kowa. Ɓoye wa mai dukiya giɓin da ke cikin dukiyarsa ba sutura ba ce. Kuma giɓi ba kullum yake nufin sata ba, sau da yawa rashin iya rubutu ne da sakaci, saboda haka ka faɗi adadi, ka bar hukunci.

Akwai wata ƙirga ta biyu da ba kasafai ake tunawa da ita ba, ita ce ta aljihunka. Malaman tarihi, cikinsu har da Balazuri a Futuhul Buldan, sun kawo cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, idan ya naɗa gwamna yakan sa a rubuta abin da mutumin ya mallaka a ranar, in daga baya aka ga ƙarin da ba a gane tushensa ba sai ya raba shi, wani kaso ya koma baitulmali. Muhammad ɗan Maslama shi ne wanda ya fi aikawa bincike. Babu dokar da ta tilasta wa manajan kamfanin shinkafa ya yi haka, amma wanda ya rubuta filayensa da motarsa da abin da ke asusunsa a ranar da ya kama aiki, ya ba wani amintacce ya ajiye, ya yi wa kansa gata. Mutanenmu ba sa ganin sabon gini a unguwa su yi shiru.

Iyakar da aka yi maka

Mu da ke Nijar, Kamaru, Chadi, Benin, Togo da Burkina Faso, dokar kasuwanci ɗaya muke bi, ta ƙungiyar OHADA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a 1993 a tsibirin Moris, yanzu tana da ƙasashe 17. Dokarta ta kamfanoni an sake mata fasali a 2014. Ƴan uwa na Ghana tasu dokar daban ce, ta 2019, sai su nemi bayani a kanta. Ba mu ce kowa ya zama lauya ba, amma akwai abubuwa kaɗan a dokar OHADA da bai kamata mutum ya kwana kan kujera bai san su ba.

Canjin shugaban da doka ta sani, kamar mai gudanar da kamfani irin SARL ko babban daraktan kamfani irin SA, sai an kai shi rajistar kasuwanci, RCCM. Haka a banki sai an canza sa hannu. Muddin ba a yi ba, tsohon yana iya ci gaba da sa hannu da sunan kamfani, kai kuma kana ɗauke da nauyin. A SARL, idan takardun kafa kamfani ba su faɗi wa'adi ba, shekara 4 ne, ana iya sabuntawa. Shekarar lissafi tana rufewa ranar 31 ga Disamba, kuma dole a kira taron masu hannun jari su duba lissafin cikin wata 6 bayan rufewa, wato kafin ƙarshen Yuni. Wanda ya kama aiki a Afrilu ya sani cewa lissafin shekarar da bai yi ba shi zai tsaya ya gabatar.

Wani abu da ke ba mutane mamaki: dokar ta hana shugaba ya ci bashi daga kamfanin da yake shugabanta, ko ya sa kamfanin ya tsaya masa a bashin da ya ci a waje, kuma hanin ya haɗa da matarsa da iyayensa da ƴaƴansa. Yin amfani da dukiyar kamfani don buƙatar kai, da sanin cewa hakan ya saɓa wa maslahar kamfanin, laifi ne da ake hukunta mutum a kansa. Wato bon ɗin da shugaba ke rubuta wa kansa yana cewa zan maido ƙarshen wata, ko a doka ba shi da gindi, balle a fiƙihu inda wakili ba ya taɓa abin da aka wakilta shi a kai sai da izinin mai shi.

Takardun kafa kamfani kuma sukan iyakance abin da shugaba zai yi shi kaɗai: sayar da fili, cin bashin da ya wuce adadi kaza, ɗaukar manyan ma'aikata. Ka karanta su. Idan ka ƙetare, wanda kuka yi cinikin da shi da kyakkyawar niyya dokar takan kare shi, kamfani ya cika alkawarin, sannan masu kamfani su juyo kanka. Amma mu faɗi gaskiya, yawancin ƴan uwanmu ba irin wannan kamfani suke riƙe ba. Kamfanin Alhaji ne, shi ya kafa abinsa da guminsa, takardu na nan a durowa amma dokar gaskiya tana bakinsa. A nan ne haɗarin ya fi yawa, domin iyaka tana canzawa da yanayin ranar. Ka zauna da shi tun makon farko, cikin ladabi, ka tambaya: Alhaji, har nawa zan kashe ban kira ka ba? Wa zan iya ba kaya bashi? Idan ɗaya daga cikin yaran gida ya zo ya ce a ba shi kuɗi ko mai, in ba shi ko in turo shi wurinka? Tambayar ƙarshen nan ita ce ta fi kowace nauyi a baki, ita ce kuma ke rusa manajoji. Abin da ya faɗa ka rubuta, ka tura masa ko ta waya ce, ya amsa da to.

A wannan zaman ne kuma za a yanke maganar albashi da abin da ke biye da shi, mota, gida, kuɗin waya, kason riba in akwai. Wasu na jin nauyin wannan magana, sai su ce duk abin da aka ba ni. Bayan wata shida sai zuciya ta fara raɗa cewa ai wahalata ta fi abin da ake ba ni, daga nan hannu ya fara biyan kansa. Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, ɗan kasuwa ne kafin halifanci. Da aikin jama'a ya hana shi kasuwa, a fili aka yanka masa abin da zai ci da iyalinsa daga baitulmali. Bai ɓoye buƙatarsa ba, bai kuma ɗiba da kansa ba. Idan kana da wata sana'a a gefe, musamman mai kama da ta kamfanin, ita ma ranar za ka faɗe ta.

Ragon Sallah da ƴan uwa

Ba za ka yi wata guda ba kyauta za ta fara zuwa. Mai kawo wa kamfani taya zai aiko da turmin shadda, mai neman kwangilar jigila zai aiko da buhun shinkafa gida, ba biro ba, lokacin da ba ka nan. In Layya ta kusa, rago. Buhari da Muslim sun kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce shi kyauta aka ba shi. Annabi ya hau mimbari ya yi magana a kai, ma'aunin da ya bayar kuwa shi ne mutum ya duba ko kyautar za ta same shi da yana zaune a gidan iyayensa ba shi da muƙamin. Ma'aunin nan bai tsufa ba. Abokin da kuka saba musayar alheri shekara 20, nasa daban. Wanda bai san ƙofar gidanka ba sai bayan naɗi, kujerar yake gaisarwa. Kalmar ma tsohuwa ce a ƙasar nan: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin Nijar ta yau a 1754, ya sa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun da ya soka a Kitabul Farƙ.

Dalilin da ya sa muka sa wannan cikin aikin makonnin farko shi ne kyautar farko ce ke yanke hukuncin sauran. Ka maido ta da godiya da kyakkyawar magana, labari zai zaga kasuwa cikin kwana biyu, ka huta. Ka karɓa, shi ma labarin zai zaga, kuma kuɗin ragon yana nan cikin farashin tayar da za a kawo wa kamfani. A faɗa wa uwargida da yara tun wuri kada su karɓi saƙon da ba su san mai shi ba. Abin da ya gagara maidowa, kamar kalanda da kwalin dabino na ƙarshen shekara, a ajiye a biro kowa ya ci.

Maganar dangi ta fi wannan zafi, domin su ba cin hanci suka kawo ba, haƙƙin zumunci suke nema, kuma suna da shi. Sai dai haƙƙin yana kan albashinka, ba kan kujerun kamfani ba. Suratul Ƙasas, a labarin Annabi Musa da ƴan matan Madyana, ta ambaci siffa biyu na wanda ya fi dacewa a ɗauka aiki, ƙarfi da amana. Abu Zarri, da duk tsoron Allah da aka san shi da shi, da ya nemi muƙami Annabi bai ba shi ba, ya nuna masa cewa yana da rauni a wannan fanni kuma abin amana ne. Idan taƙawar Abu Zarri ba ta wadatar ba, zama ɗan yayarka ba zai wadatar ba. Sayyidina Umar ma da ya kafa mutum shida su zaɓi halifa, ya yarda ɗansa Abdullahi ya halarta amma ya cire shi daga waɗanda za a zaɓa. In ɗan uwanka ya cancanta, ya nema kamar kowa, ka sanar da masu kamfani dangantakarku, wani ya yanke hukuncin ba kai ba.

Yadda gaskiya za ta iso ka

Duk ƙirgar da muka faɗa ta abin da ake gani ce. Akwai abin da ba ya cikin littafi, yana cikin kan ma'aikata: wane abokin ciniki ne ke shirin tafiya, wace na'ura ce ta kusa tsayawa, wane direba ne ke sayar da mai a hanya. Su kuma a makonnin farko kallonka suke, suna auna abin da zai sami wanda ya kawo mummunan labari.

Akwai misali sananne daga Amurka. A watan Satumba na 2006 kamfanin motoci na Ford ya ɗauko Alan Mulally daga kamfanin jiragen sama na Boeing ya ba shi shugabanci. A shekarar kamfanin ya yi asarar sama da miliyar 12 na dalar Amurka, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Mulally ya kafa taro kowace Alhamis, kowane babban jami'i ya nuna halin da sashensa ke ciki da launi: kore lafiya, rawaya akwai damuwa, ja matsala. Makonni suka wuce kusan komai kore, a kamfanin da ke zubar da kuɗi haka, domin al'adar gidan ita ce wanda ya nuna rauni ya shiga uku. Sai wata rana Mark Fields, mai kula da harkokin kamfanin a nahiyar Amurka, ya nuna ja a kan wata sabuwar mota mai suna Edge da aka dakatar da fitar da ita saboda matsala a ƙofar baya. Ɗaki ya yi tsit. Mulally ya tafa masa, ya tambayi wa zai iya taimakawa. Bayan nan launuka suka fara bayyana a takardun sauran. A 2009 da General Motors da Chrysler suka shiga kotun fatara, Ford bai shiga ba, ko da yake babban dalili shi ne bashin sama da miliyar 23 da ya ciwo tun ƙarshen 2006, kada mu ɗora komai a kan tafi. Fields ɗin nan shi ya gaji Mulally a 2014.

Mu ba baƙi ba ne ga wannan. Huɗubar farko ta Sayyidina Abubakar bayan mubaya'a, kamar yadda littattafan sira suka kawo, a cikinta ya nemi mutane su taimake shi in ya yi daidai, su miƙar da shi in ya karkace. Amma faɗa a jawabi ba wuya. Ma'aikata ba jawabin suke riƙewa ba, fuskarka suke kallo ranar da mai mangaza ya shigo yana rawar murya ya ce ruwa ya shiga ya ɓata buhu 40. Ka daka masa tsawa gaban mutane, ka gama jin gaskiya a wannan gida, saura sai labarin masu kai gulma. Su ma za su zo, tun ranar farko, da murmushi da jerin sunayen waɗanda wai ba sa son ka. Ka saurara in ka ga dama, amma suratul Hujurat ta riga ta koya mana bincike kafin aiki da labari.

Ka zauna da mutane ɗaya ɗaya, ba manya kaɗai ba. Mai gadi ya san motar da ke fita da dare. Akwai kuma mutum ɗaya da ya kamata ka nema da kanka kafin kowa, wato wanda ya sa rai shi za a ba kujerar. Kada ka yi kamar ba ka sani ba. Ka girmama shi, ka ba shi aiki mai nauyi na gaske, ka bar wa lokaci sauran. Idan a wurin akwai waɗanda ba Musulmi ba, su ma suna kallo su ga ko sabon shugaba mai zuwa masallaci zai auna su da mudu ɗaya da sauran, kuma haƙƙinsu ne ya yi hakan.

Game da canje-canje ba za mu tsawaita ba. Abin da yake zalunci ne bayyananne ko haɗari ga rai, a tsayar da shi yau. Sauran a jira sai an fahimci dalilin da ya sa ake yin su haka, don wata tsohuwar hanya da ka raina wata ƙila wata tsohuwar matsala take toshewa. Kora kuwa tana da ƙa'idojinta a dokar aiki, wakilan ma'aikata ma ba a sallamarsu sai da izinin sufeton aiki, kuma kamfanoni da yawa sun biya kuɗi masu yawa a kotu saboda fushin sabon shugaba.

Sai ƙarshen watan farko. Tun ranar 15 ka tambayi kontabul nawa ne jimlar albashi, nawa ke banki, me ake sa ran zai shigo kafin ranar biya. Buhari ya kawo hadisi ƙudusi da ya ambaci mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar Alƙiyama, cikinsu akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, bai ba shi ladansa ba. Idan kuɗin ba za su kai ba, masu kamfani su ji tun da sauran kwanaki, ma'aikata kuma a tara su a gaya musu ranar da za a biya, ranar da ka tabbata za ka cika. In dole sai an biya kashi kashi, a fara daga ƙasa, mai shara da mai gadi da lebura, naka ya zo ƙarshe.